INJIN FOTOKWAFINMU, MASINJANMU, DA TAKARDAR KWANGILAR DA BABU WANDA YA KARANTA

Yau ku yi mini haƙuri, maganar injin fotokwafi na kawo muku. Na san wani zai ce ana fama da tsadar abinci da kuɗin mota, shi kuma wannan ya zo mana da zancen inji. To ku daure ku karanta, musamman ku da kuke aikin ofis, domin saura ƙiris wani bawan Allah mai 'ya'ya shida ya samu baƙin tabo a fayil ɗinsa saboda maɓalli guda da ya danna, kuma ba da ra'ayin kansa ya danna ba. Ba zan faɗi sunan ma'aikata ko na kamfanin ba. Abin da ya faru da mu na tabbata yana faruwa a wurare da yawa.

Muna da babban injin fotokwafi a sashenmu, irin mai tsayin nan da ke da aljihun takarda huɗu. Da shi muke yin komai, takardun taro, memo, fayilolin ƙarin girma, takardun masu ritaya. Lokacin da aka kawo shi an haɗa da kwangilar kulawa ta shekara-shekara: kamfani zai riƙa turo injiniya duk bayan wata uku ya share ya duba, idan ya lalace a kira su, kuma akwai jerin kayan da su ne za su canza ba tare da mun biya ba.

Injin yana da wata ɗabi'a. Idan aka yi 'yan mintuna ba a taɓa shi ba sai ya kashe fuskarsa ya yi shiru, wato ya shiga barci. In ka zo da takarda ka danna, sai ka jira ya farka ya ɗumama. Jiran bai kai minti ɗaya ba. Amma kun san halin ofis. Oga yana tsaye da babbar riga, direba ya tayar da mota, ana jiransa a taro, sai a ce masa "Ranka ya daɗe, injin yana ɗumama." Rannan dai ransa ya ɓaci ya ce da masinjanmu, "Kai, ka san yadda za ka yi abin nan ya daina barcin nan, na gaji." Masinja kuma mutum ne mai ƙoƙari, ya tambayi wani yaro a shagon fotokwafi na bakin titi, yaron ya nuna masa inda ake shiga. Ya dawo ya tura lokacin barcin zuwa ƙarshen abin da injin ya yarda da shi, ya kuma cire kashe kai da yake yi da yamma. Kowa ya ji daɗi. Ni kaina na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Ka zo ka danna, takarda ta fito.

Bayan wasu watanni sai takarda ta fara fitowa da baƙin layi, rubutu yana gogewa in ka shafa da yatsa, daga nan ya nuna wata lamba a fuska ya tsaya cak. Aka kira kamfani. Injiniya ya zo bayan kwana uku, ya buɗe, ya duba, ya shiga saiti, sai ya ɗago kai ya ce da ni, "Yallaɓai, wa ya taɓa nan?" Na ce me ya faru? Ya ce abin da ke ƙona hoda a jikin takarda ne ya mutu, kuma tun da an canza saitin da suka bari, kamfani ba zai ɗauki nauyin canza shi ba, sai dai mu biya. Washegari suka turo takardar kuɗi. Kuɗin ya fi albashin masinjan nan na wata uku.

Daga nan aka shiga abin da muka fi iyawa, wato rubuce-rubuce. Sashenmu ya rubuta wa sashen mulki, sashen mulki ya rubuta wa masu sayen kaya, su kuma suka ce a nemo wanda ya taɓa injin. Aka ba masinja takardar tuhuma, ya yi bayani cikin awa 24 dalilin da ya sa ba za a hukunta shi ba saboda lalata kayan gwamnati. Ya zo wurina hannunsa na rawa ya ce, "Yallaɓai, in rubuta cewa Oga ne ya sa ni?" Ku gaya mini, wace amsa zan ba shi? In ya rubuta, ya sayi rigima da mai sa hannu a takardar ƙarin girmansa. In bai rubuta ba, ya ɗauki laifin da ba nasa ba.

Sati uku injin yana kwance. A cikin satin nan uku wata baiwar Allah, matar wani abokin aikinmu da ya rasu, ta zo bin haƙƙin mijinta. Ana buƙatar kwafin takardu masu yawa daga fayil ɗinsa. Da injin yana aiki, minti goma an gama mata. Sai da aka haɗa ta da akawu suka fita bakin titi da fayil ɗin gwamnati a hannu, ta biya da kuɗin motar da za ta koma gida, mu muka yi mata karo-karo daga baya. Fayil ɗin da doka ta ce sirri ne, ga shi a shagon da kowa ke shiga. Ranar ce na ce sai na ga takardar kwangilar nan da idona.

Kafin in faɗi abin da na gani, bari in ɗan yi bayanin yadda injin yake aiki, don ni ma sai a wannan rigimar na tsaya na fahimta. Injin fotokwafi ba da tawada mai ruwa yake rubutu ba. Hoda ce baƙa, wadda muke kira tona. Injin yana zuba ta a kan takarda daidai da siffar rubutun, sannan takardar ta bi ta tsakanin wasu abubuwa biyu masu juyawa, ɗaya mai zafi ɗaya mai dannewa, hodar ta narke ta manne. Masu gyara suna kiran wannan ɓangaren fiyuza. Ku ɗauke shi kamar dutsen guga ne a cikin injin. Zafinsa yakan kusa digiri 200, shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi. Kuma shi ne ya fi komai shan wuta. Lokacin da yake ɗumama, babban inji yakan ja sama da wat 1,000, shi ya sa idan ana kan ƙaramin janareta za ka ji muryarsa ta canza da zarar an danna kwafi.

To idan injin yana zaune a shirye, yana riƙe dutsen gugar nan da ɗumi ne don kar ka jira. Idan ya shiga barci sai ya sake shi ya huce, wutar da yake ja ta sauko ƙasa sosai, a sababbin injina wat ɗaya ko biyu kacal. Masu ƙera injinan ba don su ɓata mana rai suka sa wannan ba. Tun 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da tambarin Energy Star, wanda za ku gani manne a jikin injina da kwamfutoci da yawa, kuma daga cikin sharuɗɗan samun tambarin akwai cewa inji ya riƙa shiga barci da kansa. Turai ma suna da nasu dokokin kan wutar da na'ura za ta sha idan ba a amfani da ita. Mu ne dai injin ya zo mana da tsarinsa, ba wanda ya zaunar da mu ya gaya mana amfaninsa, muka ɗauka lalaci ne.

Yanzu mu yi lissafi, irin na ɗan firamare. A sati akwai awa 168. Muna ofis awa 40, idan ma mun cika. Saura awa 128 da babu kowa sai mai gadi. Mu ɗauka injin da aka hana barci yana jan wat 100 yana zaune, wani ya fi haka wani bai kai ba. A sati ya sha yunit kusan 13, a shekara sama da yunit 660. Kun tuna a watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sauko da shi ya tsaya kusa da naira 210. Yunit 660 a wannan farashin ya kusa naira dubu 140. Ko ka cire awannin da babu wuta, tun da awa 20 aka yi wa Band A alkawari a rana, kana da sama da naira dubu 110 a shekara, a inji guda, a lokacin da ko takarda ɗaya bai buga ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira dubu 70 ne. Wato injin yana cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata ɗaya da rabi yana zaune a duhu. Sakatariya guda injina nawa ne a ciki? Ku lissafa da kanku.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: "Malam, kana maganar fotokwafi, ka ga na'urorin sanyaya ɗaki da ake bari a kunne daga Juma'a zuwa Litinin?" Gaskiyarka. Na'urar sanyaya ɗaki guda da aka manta ta fi injinan fotokwafi da yawa ɓarna, ban musa ba. Amma ciwon ɗaya ne. Wanda ke kunnawa ba shi ke ganin bil ba. A gidajenmu tun da aka sa mana mita mai kati, wa ke barin dutsen guga a jone? Yaro ya bar ƙwan banɗaki a kunne sai ka ji faɗa har maƙwabta. Mutumin nan ɗaya, in ya shigo ofis sai ya zama wani daban. A watan Fabrairun 2024 kamfanin rarraba wuta na Abuja ya buga sunayen ma'aikatu da hukumomin gwamnati da yake bi bashi a jarida, har da Fadar Shugaban Ƙasa, jimillar ta haura naira biliyan 47. Bashin nan ai ba daga sama ya faɗo ba, wat-wat ɗin nan ne da babu mai ganinsu suke taruwa, sannan ba a biya.

To me na gani a takardar kwangilar? Da ƙyar na samu kwafinta, don tana kulle a durowar wani ofishi da ba su taɓa amfani da injin ba. Shafi goma sha ɗaya ce da Turanci mai ƙananan baƙaƙe. A wurin da aka jera abubuwan da kamfani ba zai ɗauki nauyinsu ba, akwai lalacewar da wutar lantarki ta jawo, akwai amfani da tonar da ba tasu ba, akwai barin wani mai gyara na waje ya buɗe injin, sannan akwai layi guda da ke cewa duk lalacewar da ta samo asali daga sauya tsarin injin ba da izininsu ba. A kan wannan layin suka tsaya. Amma babu inda aka rubuta wane saiti suka bari, minti nawa ne, wa ke da ikon canzawa. Ba su sa lambar sirri sun kulle wurin ba. Ba su manna ko 'yar takarda a jikin injin ba. Ranar da aka kawo shi ma, abin da suka koya mana shi ne yadda ake zuba takarda da yadda ake zaro wadda ta maƙale, shi ke nan.

Ra'ayina a nan a fili yake: kamfanin bai kyauta ba. Lokacin barci abu ne da wanda ya ƙera injin ya bar wa mai amfani ya zaɓa, wasu injinan daga minti ɗaya har zuwa awa huɗu. Zaɓar ɗaya daga cikin abin da mai ƙira ya ba ka ba lalata inji ba ne. Kamar ka sayi mota ne da garanti, ka ƙara ƙarfin na'urar sanyi zuwa ƙarshe, injin ya samu matsala, dillali ya ce ai kai ka taɓa maɓalli. In kana ganin wani saiti yana rage wa kayanka kwana, to kulle shi, ko ka rubuta shi ɓaro-ɓaro, ka karanta wa mutane ranar da ka kawo. Sannan layin da suka dogara da shi ya ce lalacewar da ta "samo asali" daga sauyin. Wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja. Shi fiyuza yana da adadin shafukan da mai ƙira ya ƙiyasta zai buga kafin a canza shi, kuma injin yana ƙirga kowane shafi. Da muka matsa aka buga rahoton ƙirgen, sai ga shi namu ya riga ya wuce adadinsa tun kafin zuwan injiniya na ƙarshe. Wato abu ne da ya kamata su canza tun a zagayen da ya gabata, kuma yana cikin jerin kayan da suka ɗauki nauyi. Zama da zafi dare da rana yana iya ƙara masa gajiya, wannan ban musa wa injiniyan ba. Amma tsohon da ya kai shekarunsa, ba ka ce iskar fanka ce ta kashe shi ba.

Duk da haka ba zan yi wa kamfanin rashin adalci ba. Na zauna da injiniyan a ƙarƙashin bishiyar ofis muka sha shayi, ya buɗe mini cikinsa. Ya ce, "Yallaɓai, kwangilar nan an sa mata farashi ne da tsohon canji, kayan gyara kuma da dala ake shigo da su." Gaskiya ne. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi alkawarin canza maka kaya kyauta a wancan farashin, yau kowane fiyuza da ya sa maka daga jikinsa yake yanka. Ga shi an cire tallafin mai a Mayun 2023, zuwan injiniya kansa ya zama kuɗi. Sannan ya ce kuɗin kwangilar ma na zango biyu ba a biya su ba, fayil yana yawo. To kamfanin da kake riƙe wa kuɗi wata shida, ka kira shi ya zo ya sa maka kaya mai tsada kyauta, me kake tsammani? Zai nemi ƙofar fita, mu kuma da hannunmu muka buɗe masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ya kuma gaya mini wani abu da ya ba ni dariya da takaici. Ya ce a wasu ofisoshin su da kansu suke cire barcin ranar da suka kafa injin, don sun gaji da kiran "injinku ba ya aiki", su hau babur su tsallaka gari su tarar barci kawai yake yi, ko kuma kwamfutar wani ce ta daina ganinsa a layi saboda ya yi nisa a barcin. Wato inda cire barcin zai rage musu wahala, su ke cirewa, bil ɗin wuta ya hau kan ofis. Inda kuma aka cire ba da saninsu ba, ya zama hujjar ƙin gyara. Saiti ɗaya, hukunci biyu.

Mu ma ma'aikata laifinmu yana nan, kuma laifi tudu ne. Ba mu da haƙurin daƙiƙa talatin. Mutumin da zai bar fayil ɗin wani a kan teburinsa sati biyu, shi ne ba zai iya jiran inji ya ɗumama ba. Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Baba mai gadinmu, Allah ya saka masa, shi a ganinsa taimako yake yi, da an tashi sai ya bi ya kashe komai daga bango. Manyan injinan nan suna da ma'ajiya a ciki kamar kwamfuta, akwai yadda ake kashe su a jira su gama rufewa. Fizge musu wuta kullum yana iya lalata ma'ajiyar. Wasu ma suna da ɗan abin ɗumama takarda da ke hana ta yin danshi, wanda sai injin yana jone yake aiki, kuma duk wanda ya yi fama da maƙalewar takarda a watan Agusta ya san darajarsa. Ga ƙurar hunturu da muke bari ta shiga don babu mai rufe taga. Ga sauyi daga wutar Nepa zuwa janareta sau biyar a rana babu sitabilaiza mai ƙarfi. Ga tonar bakin kasuwa da ake durawa a ɓoye idan ta kamfani ta yi jinkiri. Duk muna yi, sannan in ya mutu mu ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

Amma babban abin da na gano shi ne mutum huɗu ne a kan injin nan, kuma ba sa zama a teburi ɗaya. Wanda ya sa hannu a kwangila ba ya amfani da injin. Wanda ke amfani da shi bai taɓa ganin kwangilar ba. Wanda ke biyan kuɗin wuta da na dizal bai san akwai wani saiti ba. Wanda ke gyarawa kuma damuwarsa kar a kira shi. Kowa yana yin abin da ya fi masa sauƙi, kuma kowa a wurinsa yana da gaskiya. Idan abu ya fashe sai a duba wa ya fi kowa rauni a ɗora masa. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta yi ƙoƙari wajen tsara yadda ake talla da tantance 'yan kwangila da bayar da aiki. Mu a ofisoshi da zarar an bayar an kawo kaya an ɗauki hoto, sai mu ɗauka an gama. Kula da kwangila bayan an sa hannu, nan ne muke barci, mun fi injin ma.

Ga abin da nake ganin ya kamata, kuma babu wanda ke buƙatar sabon kasafi a ciki.

Na farko, duk sashen da aka kawo wa inji a ba shi kwafin kwangilar, a kuma taƙaita ta a shafi guda da harshen da masinja da akawu za su gane, a manna a bango kusa da injin: abin da kamfani ya ɗauka, abin da bai ɗauka ba, lambar da za a kira, da kwana nawa suka yi alkawarin zuwa.

Na biyu, saitin barci ya shiga cikin kwangila da lamba. A zauna da masu amfani da injin a yarda, misali minti 15 a lokacin aiki. Yawancin manyan injinan suna da agogon sati, ana iya tsara musu su farka kafin ƙarfe 8 na safe, su kwanta bayan an tashi, Asabar da Lahadi kuma su yi ta barcinsu. Da wannan Oga ba zai jira da safe ba, wuta kuma ba za ta ƙone da dare ba. Bayan an yarda a kulle da lambar sirri, jami'i guda a ofis ya riƙe, injiniya ya riƙe. Duk wanda ya canza ya rubuta a littafi da kwanan wata.

Na uku, kar a sake sa hannu a kan layin da ke ba kamfani damar cewa "kun taɓa" ya tafi. A rubuta cewa sai ya nuna a rubuce yadda taɓawar ta jawo lalacewar, tare da rahoton ƙirgen shafuka. Kuma duk zuwan injiniya ya bar mana wannan rahoton, mu san kayan da suka kusa cika adadinsu tun kafin su mutu a tsakiyar aiki.

Na huɗu, gwamnati ta biya 'yan kwangilar kulawa a kan lokaci, kuma a yarda da hanyar duba farashi idan canji ya yi tsalle. Ba tausayin kamfani nake ji ba. Wanda ka biya shi ne kake iya ɗaga wa murya.

Na biyar, ranar sayen sabon inji a tambayi daƙiƙa nawa yake ɗauka ya farka, da wat nawa yake ja a barci, kamar yadda ake tambayar shafi nawa yake bugawa a minti. Sababbi da yawa cikin 'yan daƙiƙu suke tashi. In inji yana farkawa da wuri, babu wanda zai je neman yaron bakin titi ya koya masa hana shi barci.

Na shida, kuma wannan ga manyanmu ne da girmamawa: in ka ba da umarni da baki, ka tsaya a kansa ranar da ya zama magana. Ƙaramin ma'aikaci ba shi da bakin ce maka a'a, kar kuma ya zama shi ne zai biya.

Yadda tamu ta ƙare, kamfanin ya yarda ya kawo fiyuza bayan an nuna musu rahoton ƙirgen, ofis kuma ya tura fayil ɗin kuɗinsu gaba. An janye takardar tuhumar masinja, bayan biyu daga cikinmu sun shiga wurin Oga sun tuna masa da ladabi yadda aka yi. Don Allah ya karɓa, ya ce ya manta ne, kuma na yarda ya manta, domin a wurinsa magana ce ta daƙiƙa biyar. Masinjan ne bai manta ba. Har yau in ya zo yin kwafi, injin na barci, sai ya tsaya ya harɗe hannu ya jira, ko maɓallin farkarwa ba ya son dannawa sai wani ya danna masa.

Ku da kuke aiki a ofisoshi, na gwamnati ko na kamfani, gobe in Allah ya kai mu ku tambaya: injinmu yana da kwangilar kulawa? Wa ke riƙe da takardar? Me aka ce kar mu taɓa? Ina son in ji ko akwai inda aka taɓa nuna wa ma'aikata wannan takardar. Masu gyaran injina da ke cikin abokaina kuma, ku faɗi naku ɓangaren, in na yi kuskure a bayanin inji ku gyara mini.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana, ƙarama da babba. Allah ya sa mu gama aiki lafiya.